Kobo 88 cikin kowace naira: Rabon ribar BUA Foods da abin da ya rage wa manomin Zuru

A 2025 masu hannun jari a kamfanin BUA Foods suka amince a raba musu naira 13 kan kowane hannun jari, daga ribar shekarar 2024. Kamfanin yana da hannun jari biliyan 18, don haka abin da aka raba ya kama naira biliyan 234. Ribar da ya samu a waccan shekara bayan biyan haraji ta kai kimanin naira biliyan 266. Ke nan cikin kowace naira ɗaya ta riba, kobo 88 sun fita zuwa ga masu kamfanin, kobo 12 suka zauna a cikinsa.

Domin a gane girman wannan kuɗi, kasafin da gwamnatin Jihar Kebbi ta gabatar na shekarar 2024 gaba ɗaya, da albashi da hanyoyi da asibitoci da makarantu, kimanin naira biliyan 250 ne. Rabon ribar kamfani guda na shekara guda ya kusa kamo abin da aka tsara kashewa a kan ƙananan hukumomi 21.

Babu laifi a dokance cikin wannan rabo, kuma babu wanda ya ce an ɓoye shi. Amma kamfanin da ke sayar da sukari da fulawa da taliya da shinkafa yana da bambanci da mai sayar da turare ko agogo. Ribarsa tana fitowa ne daga kwanon abincin jama'a, wani ɓangare nata kuma ya dogara da rangwamen da gwamnati ta yi da sunan jama'a, bisa alƙawarin cewa za a zuba jari a gonakin cikin gida. Saboda haka yawan abin da ake rabawa da yawan abin da ake ajiyewa magana ce da ta shafi mutumin Zuru, ko da bai taɓa ganin takardar hannun jari ba.

Yadda ake yanke rabon

An shigar da BUA Foods kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, a ranar 5 ga Janairun 2022, a kan naira 40 kowane hannun jari, bayan an haɗe kamfanonin sukari da fulawa da taliya da shinkafa da man girki na rukunin BUA wuri ɗaya. Daga lokacin har zuwa rabon ribar 2024, tsarin rabon ribarsa bai sauya ba. Ya biya naira 3.50 daga ribar 2021, naira 4.50 daga ta 2022, naira 5.50 daga ta 2023, sannan naira 13 daga ta 2024. In aka tara, an raba naira biliyan 477 cikin shekara huɗu, daga ribar da ta kai kusan biliyan 539. A kowace ɗaya daga cikin shekarun huɗu, abin da aka raba yana tsakanin kashi 88 zuwa 90 cikin ɗari na ribar. Abin da aka maimaita sau huɗu a jere ya zama manufa, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta shimfiɗa hanyar da ake bi. Daraktoci ne ke ba da shawarar abin da za a raba, babban taron shekara-shekara na masu hannun jari ya amince. Taron yana da ikon rage abin da daraktoci suka kawo, amma ba shi da ikon ƙarawa. Ba a kuma raba komai sai daga ribar da doka ta halatta a raba. Bayan haka ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari kafin kuɗin ya shiga asusun mai shi.

Ƙuri'a a irin wannan taro da yawan hannun jari ake auna ta, ba da yawan kawuna ba. Shugaban kamfanin, Alhaji Abdul Samad Rabiu, ɗan asalin Kano, shi ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hannun jarin. Daga biliyan 234 da aka raba, sama da biliyan 210 rabonsa ne kafin haraji. Dokokin NGX sun buƙaci kamfani ya bar kashi 20 cikin ɗari na hannun jarinsa a hannun jama'a, ko kuma abin da ya bari ya kai wani adadin kuɗi da aka ƙayyade. Kamfani mai girman BUA Foods yana cika wannan sharaɗi na biyu da ɗan kason da ya saki. Sakamakon haka, sunansa kamfanin jama'a, amma shawarar rabon riba kusan ta mutum ɗaya ce.

Inda ribar ta fito

A 2023 cinikin BUA Foods ya kai kimanin naira biliyan 729. A 2024 ya haura tiriliyan 1.5, wato ya ninka. Cikunan 'yan Najeriya ba su ninka cikin wata goma sha biyu ba. Abin da ya fi tashi shi ne farashi. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzawa a wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024.

Kayan da kamfanin ke sarrafawa yawanci daga waje suke zuwa. Ɗanyen sukari daga Brazil ake ɗauko mafi yawansa, a tace shi a matatun Legas da Fatakwal. Alkamar da ake niƙawa a yi fulawa da taliya ita ma jirgin ruwa ke kawo ta, domin abin da ake nomawa a Jigawa da Kano da Kebbi bai kai ko kusa da buƙatar ƙasa ba. Da dala ta tashi, kuɗin shigo da kaya ya tashi, kamfanin ya ɗora a kan farashi, mai saye ya biya. Ikon ɗora tsada a kan mai saye ba tare da an rasa kasuwa ba shi ne babban jarin irin wannan kamfani. Iko ne da ke samuwa inda masu gasa ba su da yawa.

Ƙarancin masu gasar kuwa gwamnati ce ta tsara shi. A 2012 aka amince da Babban Tsarin Sukari na Ƙasa, wanda Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa, NSDC, ke kula da shi. Yarjejeniyar a fili take: za a ɗora haraji mai nauyi a kan duk wanda ya shigo da sukari, amma kamfanonin da suka ɗauki alƙawarin noma rake da kafa masana'anta a cikin gida za a ba su kason shigo da ɗanyen sukari a kan haraji mai rangwame, har gonakinsu su kankama. A watan Yulin 2021 Babban Banki ya fitar da sanarwa cewa kamfanoni uku kaɗai ke da izinin shigo da sukari: BUA, da Dangote, da Golden Sugar na Flour Mills. An yi burin ƙasa ta wadatu da sukarinta cikin shekara goma. Shekarun sun cika, abin da ake samarwa daga raken gida bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ake sha ba, aka tsawaita tsarin da wasu shekaru goma daga 2023.

Manomi ya san ƙa'idar kaka: akwai abin ci, akwai na sayarwa, akwai iri. Ribar da kamfani ya ajiye ita ce irinsa. Naira biliyan 62 da BUA Foods ya bar wa kansa cikin shekara huɗu kuɗi ne mai yawa a idon mutum ɗaya, amma a ma'aunin gonar rake ta zamani, mai buƙatar madatsar ruwa da hanyoyi da injinan da ake saye da dala, ba ta da yawa. Gonar kamfanin ta Lafiagi a Jihar Kwara, mai faɗin kimanin hekta dubu 20, an daɗe ana jiran ranar da sukarinta zai cika kasuwa. Jama'ar da suka biya rangwamen ta hanyar tsadar sukari suna da haƙƙin su tambayi me ya sa rabo ke gudu, gona tana rarrafe.

Takwarorinsa ba su raba komai ba

Faɗuwar naira ba ta yi wa kowa daɗi ba. Dangote Sugar ya yi asarar kusan naira biliyan 74 a 2023, da kusan biliyan 193 a 2024, galibi saboda basussukan dala da suka kumbura a littafinsa. Bai raba riba ba a shekarun biyu. Nestlé Nigeria, mai Maggi da Milo, wanda aka sani da biyan riba shekara da shekaru, ya yi asarar kusan biliyan 80 a 2023 da kusan biliyan 165 a 2024, shi ma ya dakatar da rabo. Flour Mills of Nigeria kuwa ya bar kasuwar ne ɗungurungum: babban mai hannun jarinsa ya saye na ƙanana a kan naira 86 kowanne, aka cire sunan kamfanin daga NGX a ƙarshen Disambar 2024.

Wannan yana nuna abu biyu. Na farko, ribar BUA Foods ba kyauta ce da ta faɗo wa duk mai lasisi ba. Kamfanoni uku ke da izini ɗaya, ɗaya ya ci riba, ɗaya ya tafka asara, don haka akwai rawar da iya tafiyar da bashi da kasuwa ta taka. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci ga mai saye, a shekarun da wani kamfani ya raba biliyoyi, wani bai raba ko kobo ba, farashin buhun sukari a kasuwar Zuru bai bambanta sosai tsakanin tambarin wannan da na wancan ba. Mai shayi ya biya tsadar ko kamfani ya ci riba ko ya faɗi. Hana rabon riba shi kaɗai ba zai sauke farashin taliya ba. Abin da zai sauke shi shi ne rage dogaro da jirgin ruwa da dala, kuma nan ne maganar abin da aka ajiye da inda aka zuba shi ta shigo.

Ficewar Flour Mills ita ma darasi ce. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari wajibi ne ya wallafa asusunsa duk bayan wata uku, kowa ya karanta. Wanda ya fice ya rufe wannan taga. Alƙaluman da ake tattaunawa a nan an san su ne domin BUA Foods yana cikin kasuwa. Manyan injinan casar shinkafa na Kebbi, WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da Labana a Birnin Kebbi, ba sa cikin kasuwar, don haka ba wajibi ba ne su nuna wa jama'a ribarsu kamar haka.

Zuru tana biya ta fuska biyu

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Ƙasa ce ta noma tun asali, mai samun ruwan sama fiye da arewacin jihar. Dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da shinkafa duk suna yi. A al'adar Dakarkari, golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekaru kafin a ba shi mata, ya mayar da ƙwazon gona ma'aunin mutunci. Bikin Uhola kuma godiya ce ta kaka. A garin ne Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya take, wadda aka kafa a 2020.

Wannan ƙasa ce 'yan bindiga suka addaba. A watan Yunin 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu a hari ɗaya. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandare ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, kafin daga baya a kuɓutar da su. Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai gonakin da aka bari ba a shuka ba, da iyalan da suka baro ƙauye suka tare a Ribah da Zuru da sauran garuruwa.

Iyalin da ya bar gonarsa ya koma mai sayen abinci. Wanda a da rumbunsa ke kai shi wata kakar, yanzu kullum sai ya je shago. Abin da ke shagon kuwa taliya ce, da fulawa, da burodi, da sukari, da shinkafar buhu. Kowane ɗan gudun hijira sabon abokin ciniki ne ga masana'antar abinci, ba tare da masana'antar ta nema ba, ba kuma da laifinta ba. Wannan ita ce fuska ta farko.

Ta biyu ta shafi wanda ya jure ya yi noman. A watan Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba, na tsawon kwana 150. Sharuɗɗan da hukumar kwastam ta fitar sun taƙaita damar ga kamfanonin da ke da manyan injinan sarrafawa da suka yi shekaru suna aiki. A watan Mayun 2025 Abdul Samad Rabiu ya shaida wa manema labarai a fadar shugaban ƙasa cewa kamfaninsa ya yi amfani da damar ya shigo da kaya masu yawa, farashin shinkafa da sauran abinci ya sauka, masu ɓoye kaya kuma sun yi asara.

Saukar farashin gaskiya ce, kuma ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 75 a Kebbi ya ji sauƙinta. Amma manomin da ya sayi taki da maganin ciyawa da man fetur a farashin tsada ya iske hatsinsa ya karye a kasuwa lokacin kaka. Manoman shinkafa da masara a jihohin arewa sun yi ta kokawa a 2025 cewa abin da suke samu bai mayar da abin da suka kashe ba. Shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 domin haɗa ƙananan manoma da manyan masu sarrafawa, ya tsaya tun da sabon shugabancin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye, bayan tarin bashin da ba a biya ba. A lokaci guda, ribar BUA Foods ta wata tara na farkon 2025 ta riga ta zarce ta shekarar 2024 baki ɗaya.

Ga tsarin da ya fito: in dala ta tashi, mai saye ke ɗauka. In an buɗe iyaka don a sauke farashi, manomi ke ɗauka. Mai injin da ke tsakiya yana da hanyar tsira a yanayin biyu, domin yana iya sayen ɗanyen kaya daga Brazil ko Indiya ko Kebbi, duk inda ya fi araha. Manomin Fakai ba shi da wata Brazil da zai kai masararsa.

Hujjar masu kamfani

Akwai amsoshi masu nauyi da ya kamata a saurara. Ta farko, mai jari ya sa dukiyarsa cikin haɗari, kuma abin da ya sami Dangote Sugar da Nestlé ya nuna haɗarin na gaske ne. In aka hana shi cin ribarsa a shekarar alheri, babu mai sake gina masana'anta. Ta biyu, ribar da aka ajiye ba ita kaɗai ce hanyar faɗaɗa aiki ba. Kamfani na iya cin bashi, kuma BUA Foods ya sanar da yarjejeniyoyi da kamfanonin Turkiyya da Italiya domin ƙara injinan fulawa da taliya. Ta uku, kuɗin da aka raba ba ƙonewa yake yi ba. Gwamnati na karɓar kashi 10 cikin ɗari, asusun fansho da ƙananan masu jari na samun nasu, babban mai jarin kuma yana da wasu masana'antu a ƙasar, ciki har da siminti a Sakkwato, da gidauniyar ASR Africa da ya kafa a 2021.

Waɗannan hujjoji suna da tushe, amma kowace tana da iyaka. Ƙarin injin fulawa da taliya yana ƙara buƙatar alkamar waje ne, sai fa in an haɗa shi da noman gida. Faɗaɗa niƙa a bakin teku da faɗaɗa noma a tudu abubuwa biyu ne daban, kuma na biyun aka yi wa rangwame. Bashi kuwa a lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27 cikin ɗari yana da tsada, tsadar kuma a ƙarshe farashin kaya take komawa. Kuɗin da ya fita a matsayin rabon riba ya bar littafin da jama'a ke iya karantawa ya koma aljihun da babu mai ikon tambaya, ko da an yi alheri da shi. Kyauta tana hannun mai bayarwa, ya ga dama ya ci gaba, ya ga dama ya daina. Sharaɗin da aka ɗaura wa rangwamen haraji kuwa bashi ne da ake bin kamfani.

A kan tsaro ma akwai gaskiyar da ba a kauce mata. Babu kamfanin da zai kafa wurin sayen hatsi a inda ake sace direbobinsa. Wannan nauyi na gwamnati ne, ta tarayya da ta jiha, kuma ba a ɗora shi a kan mai sukari.

Ƙaramin mai hannun jari

Wasu matasa na ganin mafita ita ce su ma su sayi hannun jari, tunda yanzu da waya ake saye. Lissafin yana da amfani. A ƙarshen 2024 hannun jarin BUA Foods yana kan naira 415. Wanda ya sayi guda 100 ya kashe naira 41,500. Rabonsa naira 1,300 ne, bayan haraji 1,170, abin da bai kai kashi 3 cikin ɗari na jarinsa ba, a lokacin da hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari. Ribar da masu jarin suka fi gani ta zo ne daga tashin farashin hannun jarin kansa, daga naira 40 zuwa sama da 400 cikin shekara uku. Wanda ya shiga da wuri ya more. Wanda ya shiga a makare yana sayen tsada, kuma farashin da ya hau yana iya sauka.

Akwai kuma matsalar ribar da ba a karɓa ba. Hukumar kula da kasuwar jari, SEC, ta ce a 2023 irin wannan kuɗi ya kai kimanin naira biliyan 190. Da yawa na mutanen da suka sayi hannun jari shekaru da suka wuce ne, suka sauya adireshi ko suka rasu, magada ba su sani ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta ba gwamnati damar mayar da ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba cikin wani asusu da take rance daga cikinsa, ko da yake mai haƙƙi na iya nema ko yaushe. Zuru gari ne na tsofaffin sojoji da malamai da ma'aikata, irin mutanen da suka sayi hannun jari a zamanin sayar da kamfanonin gwamnati da haɓakar bankuna. Duba tsofaffin takardun iyaye da yin rajistar karɓar riba ta asusun banki aiki ne da ɗa zai iya yi wa gidansu cikin mako guda.

Hannun jari ko guda goma ne yana ba mai shi haƙƙin halartar babban taro da yin tambaya a gaban daraktoci. Ƙuri'arsa ba za ta sauya sakamako ba, amma tambayarsa tana shiga rubutaccen tarihin taron, 'yan jarida kuma suna zaune. Yawancin muryoyin da ake ji a irin waɗannan taruka na ƙungiyoyin masu hannun jari ne na Legas da Ibadan, kuma buƙatarsu kullum ita ce a ƙara rabo. Da wuya a ji wanda ya tashi ya tambayi tan nawa aka saya daga manoman gida.

Abin da ya kamata a nema

Ƙayyade wa kamfani adadin ribar da zai raba ta hanyar doka zai kori jari, ya kuma ƙarfafa wasu su bi sahun Flour Mills su fice daga kasuwa. Akwai hanyoyin da suka fi wannan inganci, kuma duk suna hannun hukumomin da ake da su.

Na ɗaya, NSDC ta riƙa wallafa kason ɗanyen sukarin da aka ba kowane kamfani a shekara, da ƙimar harajin da aka yafe masa, da hektocin raken da ya shuka, da tan ɗin sukarin da ya fitar daga gonarsa. In aka jera waɗannan kusa da abin da ya raba, kowa zai yi wa kansa hukunci. Tsarin sukari tun farko ya tanadi cewa kaso ya bi ƙwazo, sai dai a aiwatar a bainar jama'a.

Na biyu, duk wani janye harajin shigo da hatsi nan gaba ya zo da sunayen waɗanda suka amfana da adadin da suka shigo da shi, da sharaɗin sayen wani kaso daga manoman gida a farashin da aka sanar kafin shuka, kuma kada kayan su sauka a daidai lokacin kaka.

Na uku, SEC da NGX su buƙaci manyan kamfanonin abinci su bayyana manufar rabon ribarsu a rubuce, su kuma raba a rahotonsu tsakanin jarin da suka zuba a gona da wanda suka zuba a injin da ke jiran jirgin ruwa. Ya dace a sake duba ƙa'idar da ke barin kamfani mai darajar tiriliyoyi ya saki ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa.

Na huɗu ya rage ga Kebbi. Gwamnatin Nasir Idris da sanatan Kebbi ta Kudu da 'yan majalisar yankin ba su da kujera a taron daraktocin kowane kamfani, amma suna da hanya da tsaro da ƙasa, kuma waɗannan su ne abin ciniki. Jami'ar Aikin Gona ta Zuru na iya tattara sahihan alƙaluman abin da masarautar ke nomawa da abin da aka daina nomawa, ta yadda ƙungiyoyin manoma za su zauna da masu saye da lissafi a hannu.

  Zaɓen 2027 yana tafe, 'yan takara za su zo Zuru da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya. Matashin da ya san inda ribar taliyar ta tafi yana da tambayar da zai yi wa mai rabon: nawa aka yafe wa masu shigo da abinci, me suka shuka a madadinsa, kuma yaushe manomin Wasagu zai koma gonarsa.